Turo min kod ɗin in gani: inda sauri yake haihuwar nawa

Duk wanda yake cikin guruf ɗin masu koyon firogiramin a WhatsApp ko Telegram ya san wannan abun, wani zai shigo da sallama yace jama'a kod ɗina yaƙi aiki a taimaka, ace masa toh turo mu gani, kafin minti ɗaya sai ga hoto ya faɗo. Hoton ma ba sikirinshot ba, waya ya ɗaga ya ɗauki fuskar laftop a karkace, hasken taga ya cinye rabin layukan, layin da ero ɗin yake nunawa kuma yana can ƙasa bai ma shigo hoton ba. Shi a wajensa ai ya gama, cikin daƙiƙa goma ya tura. Amma mai son taimakonsa sai ya zauna ya sake buga layi talatin da hannu kafin ma ya fara neman inda matsalar take, kuma a garin bugawar zai iya gyara kuskuren bai sani ba, ko ya ƙara nasa sabo. Shi yasa galibin waɗanda suka iya ɗin suke yin shiru su wuce, ba wai girman kai bane.

Saurin tura kod ba a auna shi daga lokacin da ya bar hannunka, ana auna shi ne daga lokacin da ɗayan ya iya kunna shi a kwamfutarsa ya ga abun da kai ka gani. Kuma hanyar da ta dace ta danganta da abun da kake so ya yi da shi, karantawa kawai zai yi, ko kunnawa, ko gyara tare da kai, ko kuma haɗe gyaran da babban aikin.

Dalilin da yasa kod yake lalacewa a hanya alhali saƙon gaisuwa baya lalacewa shine, mutum yana karanta ma'ana, kwamfuta kuwa harafi take bi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ido baya gani. A Python gurbin da aka bari a farkon layi shine yake nuna wane layi ne a cikin wane, in ka turo layuka an cinye gurbin ko an cakuɗa tab da sifes, sai kaji IndentationError ko TabError. Makefile kuwa, fayil ɗin umarnin haɗa manhaja, tab yake so, in manhajar hira ta mayar maka da shi sifes zai ce maka missing separator ya tsaya cak. YAML, tsarin rubuta fayil ɗin saiti, akasin haka, shi tab ne baya so a wajen jera layi. Ga kuma rigimar ƙarshen layi, Windows tana rufe kowane layi da alamomi 2 ɓoyayyu, Linux da Mac ɗaya, sai abokinka ya turo maka sikirif daga Windows ka kunna a sabar Linux, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja ko shafi a kanta, kaga ana cewa bad interpreter da wani ^M a gefe, kai kuma ka buɗe fayil ɗin ka duba sama da ƙasa komai lafiya lau.

Sai ɓarnar da ake yi maka da sunan taimako. Microsoft Word da kibod ɗin iPhone suna mayar da alamar zance miƙaƙƙiya zuwa mai lanƙwasa saboda tafi kyau a ido, Python kuma bata santa ba, SyntaxError kawai zata baka tace invalid character. Layi biyu gajeru da ake sawa gaban umarni kamar --help sai a haɗe su su koma dogon layi ɗaya. Kibod ɗin waya zai ɗaga maka harafin farko, print ya koma Print. WhatsApp shi kuma tauraro a wajensa umarnin kaurara rubutu ne, layin ƙasa kuma na karkata rubutu, don haka abu irin __init__ ba lallai ya fito a allo yadda ka buga shi ba, wanda yake kallon waya yana kwafa da hannu a laftop kuwa abun da idonsa ya gani zai buga. In kuma ka zaɓi saƙonni da yawa lokaci guda ka kwafa, kowanne zai taho da kwanan wata da sunan wanda ya turo a manne a gabansa, sai ka bi kana gogewa.

Mu masu rubuta Hausa a cikin manhaja akwai ƙarin namu. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ a UTF-8, tsarin da kwamfuta take ajiye haruffa da shi, kowanne bayit 2 ne, in fayil ya bi ta wata tsohuwar manhaja da ta karanta shi da tsarin Windows-1252, kalmar ƙasa sai ta dawo Æ™asa, ɗaya ta dawo É—aya. Kod ɗin zai yi aiki, amma rubutun da mai amfani zai gani a allo ya zama shirme.

Maganin mafi yawan wannan a cikin hira mai sauƙi ne wallahi, ka sa alamar ` guda 3 a farko, 3 a ƙarshe. WhatsApp, Telegram, Slack da Discord duk sun gane ta, zasu bar rubutun yadda yake su nuna shi da haruffa masu faɗi ɗaya. A Discord da Telegram in ka rubuta sunan yaren kod ɗin, kamar Python, bayan alamar farko har launi zasu sa masa. Sai dai akwai iyaka, saƙon Discord na talaka harafi 2000 ne, na Telegram 4096, in ya wuce a Telegram sai ya datse shi gida biyu, ba ruwansa da ko tsakiyar layi ne. Ni dai in abu ya haura layi ashirin bana sa shi cikin saƙo, gara in tura fayil ɗin kansa a matsayin dokumen, shi ba mai taɓa cikinsa.

Wannan matsala ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba. Tun 1988 da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiri IRC a Finlan, nan ne dandalin hirar masu rubuta manhaja na shekaru da yawa, kuma a ƙa'idarsa saƙo ɗaya baya wuce harafi 512. In ka zuba layi hamsin a zauren da mutum ɗari suke magana, kowane layi saƙo ne daban, ka toshe ma kowa hira kenan, sabar ma zata iya cire ka don ta ɗauka ambaliyar saƙo kake. Daga nan dabarar ta fito, ka je ka liƙa kod ɗin a wani shafi, ya baka gajeren adireshi, adireshin kawai zaka kawo zaure. Pastebin.com da Paul Dixon ya buɗe a 2002 shine ya fi shahara har sunansa ya zama sunan duk irinsu. Yadda yake aiki ba wani abun mamaki, sabar ta karɓi rubutu ta ajiye, ta haɗa masa wasu haruffa na kan-mai-uwa-da-wabi a matsayin suna, ka zaɓi yaren don ta sa launi da lambar layi, ka zaɓi ko ya goge kansa bayan minti 10 ko kwana ɗaya ko ya zauna har illa masha Allah. Lambar layin nan kar ka raina ta, ita ce take sa wani ya ce maka duba layi na 14 maimakon can wajen tsakiya kusa da inda ka sa if.

A 2008 GitHub, shafin ajiye kod, suka fito da nasu shafin liƙawa mai suna Gist, kuma abun da ya bambanta shi da sauran shine kowane gist cikakken ma'ajin Git ne, ɗan ƙarami, Git kuwa manhaja ce ta bin sawun gyare-gyaren kod. Ma'ana yana riƙe tarihin duk gyaran da ka yi, zaka iya sa fayil fiye da ɗaya, wani zai iya sauke shi da git clone, ko ya ɗauki kwafinsa ya gyara kaga bambancin. Daga taminal ma, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, in kana da manhajar gh, gh gist create sai sunan fayil, shikenan ya baka link. Tun 2018 dai sai kana da akawun, sun rufe na ɓoye suna saboda masu zuba shara. A ganina in kod ne da za a yi ta komawa kansa ana gyara, gist yafi kowanne, in kuma na kallo ɗaya ne a wuce, shafin liƙawa mai goge kansa ya wadatar.

Toh amma duk waɗannan karantawa kawai suke bari a yi. Sau da yawa matsalar bata cikin layukan da ka turo, tana cikin abun da ya kewaye su, kai Python 3.12 kake da shi, shi 3.8, kai ka sauke wani laburare, wato kod ɗin wasu da naka ya dogara da shi, shi bai sauke ba. Nan ne ake samun sananniyar maganar nan ta ai a kwamfutata yana aiki. Shafuka irin JSFiddle da CodePen ga masu HTML, CSS da JavaScript, Replit ga yaruka da yawa, Google Colab ga masu Python da harkar data, Compiler Explorer na Matt Godbolt ga 'yan C da C++, duk abu ɗaya suka zo warwarewa, link ɗin da zaka tura yana ɗauke da kod da kuma wajen kunna shi, ɗayan ya danna kawai ya ga sakamako ko da a waya yake.

Kuma akwai wata fa'ida da ba kowa yake lura da ita ba. Kafin ka iya sa matsalarka a irin wannan shafin dole ka tsame ta daga cikin babban aikin, ka cire databes, ka cire shafin shiga, ka bar layi goma sha biyar ɗin da suke kawo ero. Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu firogiramin, tun da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe shi a 2008 ya shahara da tsanani kan wannan, ka kawo mafi ƙanƙantar misalin da zai sake haifar da matsalar, kuma kar ka kawo hoton kod. Mutane suna jin haushin tsananin, amma duk wanda ya taɓa zama yana rage kod don ya turo tambaya ya san sau da yawa kafin ya gama ragewa ya gano kuskuren da kansa, tambayar ma ba a turo ta ba.

In ku biyun kuna aiki a kan ma'aji ɗaya ne, tura fayil ɗungurungum ma ɓata lokaci ne, don shi ma wataƙila ya taɓa nasa kwafin, in ya ɗora naka a kai aikinsa ya tafi. Bambancin kawai ake turawa. git diff ya fitar maka da layukan da aka cire da alamar ragi, waɗanda aka ƙara da alamar tarawa, ka juye a fayil ka tura, shi kuma ya yi git apply. Dabarar tsohuwa ce, diff yana cikin Unix tun shekarun 1970, Larry Wall ya rubuta patch a tsakiyar shekarun 1980, kuma har yau masu gina ƙwaryar Linux ta imel suke tura gyare-gyarensu a haka, duk da cewa Linus Torvalds, wanda ya fara Linux ɗin, shine da kansa ya ƙirƙiri Git a 2005. Suna ma da takarda ta musamman a kan yadda zaka saita manhajar imel ɗinka kar ta cinye tab ko ta naɗe dogon layi, kaga ciwon da yake damun ɗan koyo a guruf shine yake damun manya.

Wani lokacin kuma intanet ɗin ma ba a buƙatarsa. Kuna zaune ɗaki ɗaya, data ta ƙare ko netwok yana jan ƙafa, sai ɗaya ya kunna hotsifot ku hau tare, mai fayil ya shiga foldar ya buga python3 -m http.server 8000, ɗayan ya buɗe burauza ya sa adireshin IP na laftop ɗin da :8000 a ƙarshe, ga fayiloli nan a jere, ko kilobayit ɗaya na data bai tafi ba. Sai dai ka lura duk abun da yake cikin foldar nan ka baje shi ga duk wanda yake kan waifai ɗin, don haka ka ware folda daban, kuma da an gama ka kashe. In kuna nesa da juna akwai magic-wormhole na Brian Warner, ka buga wormhole send da sunan fayil, ya baka lamba da kalmomi 2, ka karanta wa ɗayan ko a waya ne, ya buga a nasa, fayil ya wuce a rufe daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma kalmomin na amfani sau ɗaya ne. Akwai kuma termbin da ake zuba masa rubutu da umarnin nc a ƙofa ta 9999 ya dawo da link, yana da daɗi in kana cikin sabar da ba burauza, amma fa a buɗe yake tafiya kuma a buɗe yake zama.

Matakin ƙarshe shine a daina turawa gaba ɗaya, a shiga fayil ɗaya tare. Live Share na VS Code da Microsoft ta sanar a 2017 haka yake, ka tura link, abokinka ya shigo daga nasa editan yaga fayilolinka, kana ganin alamar rubutunsa tana yawo, kuna iya bin ero tare. Masu son taminal suna da tmate. Tunda rubutu ne yake tafiya ba bidiyo ba, yafi raba allo a Zoom sauƙin data sosai, ga haruffa tar ba dishi-dishi. Abun da yake da wuya a ƙarƙashi shine in ku biyu kuka taɓa layi ɗaya a lokaci ɗaya, kai ka ƙara harafi a farkon layi, shi kuma ya goge harafi na 5, kafin umarninsa ya iso wajenka na 5 ɗin ya zama na 6, in ba a daidaita ba harafin da bai ji ba bai gani ba za a goge. Tun 1989 Ellis da Gibbs suka fitar da hanyar daidaita wannan lissafin, irinta Google Docs yake amfani da ita. Abu ɗaya dai, in ka ba baƙo damar rubutu a taminal ɗinka, ka bashi kwamfutarka ne gaba ɗaya, ga wanda baka sani ba sosai ka bar shi a kan kallo kawai.

Yanzu ga inda nake ganin an fi yin sakaci. Mutum yana cikin zafin neman taimako zai kwafi fayil ɗin duka ya liƙa, a ciki akwai kalmar sirrin databes, akwai makullin AWS, wato lambar sirrin shiga sabar Amazon, akwai makullin Paystack na karɓar kuɗi mai farawa da sk_live_ wanda na asusun kuɗin gaske ne ba na gwaji ba. Shafukan liƙawa na fili akwai bot da aikinsu kenan dare da rana, bin sababbin rubutu suna tace abun da ya yi kama da makulli. Shafin Have I Been Pwned na Troy Hunt ma yana bibiyar irin waɗannan shafukan don sanar da mutane in adireshin imel ɗinsu ya fito a ciki. Gist ɗin da ake kira na sirri kuwa, GitHub da kansu sun faɗa cewa ba a kulle yake ba, baya fitowa a bincike ne kawai, amma duk wanda link ya faɗa hannunsa zai buɗe, link kuma a guruf mai mutum ɗari biyar ai ya gama yawo. In ma ka koma ka gyara gist ɗin ka cire makullin, tsohon yana nan daram a tarihin gyara. Makullin da ya fita, goge saƙo baya dawo da shi, kamar wanda ya yar da makullin shago ne a kasuwa, kwaɗon ake canjawa. Ka shiga dashbod ka soke shi ka fitar da sabo, a ranar, ba gobe ba.

Kar ka ɗauka ƙananan yara kawai abun yake ci. A 2016 masu kutse sun samu makullan AWS a cikin kod ɗin injiniyoyin Uber da yake ajiye a GitHub, suka kwashi bayanan mutane miliyan 57, kamfanin ya biya su dala dubu 100 ya yi gum sai a ƙarshen 2017 maganar ta fito, daga baya ya biya dala miliyan 148 a sasanci da jihohin Amurka. A 2023 Samsung ta hana ma'aikatanta amfani da ChatGPT a na'urorin aiki bayan an samu wasu sun liƙa kod ɗin cikin gida a ciki. Wannan na biyun ya kamata ya tsaya mana a rai, don yanzu akwatin da aka fi liƙa kod a ciki ba Pastebin bane, akwatin hira da AI ne, kuma shi ma sabar wani ce. In dole sai ka tura abu mai nauyi ta link, PrivateBin yafi, shi a burauzarka yake rufe rubutun kafin ya tafi, makullin buɗewa yana cikin link ɗin bayan alamar #, ɓangaren da burauza bata aika wa sabar, don haka mai sabar ma bai san me ya ajiye ba, kuma zaka iya saita shi ya goge kansa da zarar an buɗe sau ɗaya. In kod ɗin kamfani ne ko na mai kwangila kuwa, tambayi mai shi tukuna.

Mai karɓa ma ba a bar shi a baya ba. Shafi zai iya nuna maka umarni ɗaya a ido, in ka kwafa ya cusa maka wani daban, ka liƙa a taminal ya kunna kansa. Shi yasa ake fara liƙawa a edita a karanta. A 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na jami'ar Kambirij suka nuna yadda ɓoyayyun alamomin Unicode, waɗanda aka tanada don rubutun dama zuwa hagu irin Larabci, zasu iya sa kod ya bayyana a ido da wani tsari alhali kwamfuta tana karanta wani, suka kira abun Trojan Source, bayan nan GitHub ya fara sa gargaɗi a fayil mai irin alamomin.

Ko babu mugunta ma kod ɗin da aka turo maka ba wahayi bane. A 2010 Andreas Lundblad ya amsa wata tambaya a Stack Overflow da 'yan layukan Java masu mayar da adadin bayit zuwa kB da MB yadda mutum zai karanta. Wani bincike da Sebastian Baltes ya jagoranta ya gano cewa amsar nan ita ce aka fi kwafa zuwa ayyukan GitHub a cikin waɗanda suka duba, kuma yawancin masu kwafar ko ambaton inda suka samo basu yi ba, duk da lasisin shafin ya wajabta. A 2019 Lundblad ya fito da kansa ya bayyana cewa akwai kuskure a ciki, in ka bashi bayit 999,999 sai ya rubuta 1000.0 kB maimakon 1.0 MB. Ya gyara amsar a shafin, amma kwafin da suka riga suka shige cikin ayyukan mutane ba ta inda gyaran zai bi ya same su, sai dai mai aikin ya koma ya duba da kansa.